Tanadin Kayan Miya a Gida da Kalmomin da Suka Danganci Aikin: Nazari Daga Garin Jalingo

1.0 Gabatarwa

A tsarin gidan Bahaushe, kawo abinci nauyi ne da ke wuyan maigida, sarrafa shi kuwa aikin uwargida ne. Tsakanin waɗannan ayyuka biyu akwai wani fage da manazarta harshe ba su cika waiwaya ba, wato tanadin kayan miya. Abin da ake nufi a nan shi ne irin su daddawa da yaji da garin kuka da busasshiyar kuɓewa da man gyaɗa, waɗanda mata kan haɗa da hannunsu, su adana domin amfanin makonni ko watanni.

Abin da ya sa batun ya cancanci nazari a yanzu shi ne halin da magidanta suka shiga bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya. A tsakiyar 2024 alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. Wannan ƙunci ya sa gidaje da dama suka sake neman turmi da rariyar da suka jingine.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda ake yin wannan tanadi a garin Jalingo, da inda sauƙinsa yake, da inda ba ya biyan wahala. Za a kuma nuna cewa ilimin aikin a cikin kalmomi yake kwance, ta yadda duk matakin da aka daina yi da hannu, kalmarsa kan fara dusashewa a bakin masu tasowa.

2.0 Garin Jalingo da Kasuwanninsa

Jalingo ita ce hedikwatar Jihar Taraba, wadda aka yanko daga tsohuwar Jihar Gongola a ranar 27 ga Agusta, 1991. Sarkin Muri Muhammadu Nya ne ya mayar da fadarsa nan a 1893, bayan yaƙinsa da mutanen Kona, kuma sunan garin daga Fulfulde yake, yana ɗauke da ma'anar rinjaye. Mazauna garin sun haɗa da Fulani da Mumuye da Jukunawan Kona da Hausawa da wasu al'ummomi masu yawa, sai dai Hausa ce harshen da ya haɗa su a kasuwa da tasha. Hausar tana da nata kamannu, daga ciki har da rashin bambanta jinsi, kamar yadda ake ji a sunan wurin da ake kira Kasuwan Bera, inda Bakano zai sa ran jin "kasuwar".

Ta fuskar abinci, garin mahaɗa ce. Doya na zuwa daga yankin Zing, kifi daga Lau da Ibi da ke bakin kogin Binuwai, manja daga kudancin jihar, gyaɗa da riɗi da masara daga ƙauyukan kewaye. Kanwa da albasa da busasshen barkono kuwa akasari daga arewa ake kawo su. Baƙon ma'aikaci da ya zo daga Kano ko Katsina, kamar mai wannan rubutu, yakan tarar cewa abin da ya saba saye da arha a gida ya yi tsada a nan saboda nisan hanya, abin da ya saba saye da tsada kuma ya yi araha. Gane wannan bambanci shi ne matakin farko na tanadi.

3.0 Ma'anar Wasu Muhimman Kalmomi

Kafin a shiga bayanin aikin, ya dace a rarrabe kalmomi huɗu da akan cakuɗa:

(a) Cefane: sayayyar yau da kullum ta abin da za a yi miya da shi, da kuɗin da maigida ke bayarwa domin haka.

(b) Kayan miya: a faffaɗar ma'ana, duk abin da ke shiga tukunyar miya. A Hausar birane ta yau ma'anar ta tsuke, ta koma tumatir da tattasai da attarugu da albasa.

(c) Kayan yaji ko kayan ƙamshi: busassun 'ya'yan itatuwa da saiwoyi da ɓawo masu zafi ko ƙamshi, irin su citta da kanumfari da masoro da kimba.

(d) Tanadi: sayen abu ko sarrafa shi tun kafin bukata ta taso. Abokiyar tafiyarsa ita ce tsimi, wato taƙaita amfani da abin da ke hannu domin ya kai lokaci.

Daga nan za a ga cewa cefane da tanadi kishiyoyin juna ne. Mai cefane yana saye kaɗan-kaɗan a kowace rana da farashin ranar, mai tanadi kuwa yana saye da yawa sau ɗaya a lokacin da kaya suka faɗi.

4.0 Daddawa

4.1 Daddawar Kalwa

Ana yin ta da ƙwayar ɗorawa, itacen da masana tsirrai ke kira Parkia biglobosa. Masanin tsirrai Robert Brown ne ya raɗa wa dangin itacen wannan suna a 1826 domin tunawa da matafiyin nan Mungo Park. Bahaushe ya ba kowane sashe na 'ya'yan itacen sunansa: ƙwayar ita ce kalwa, rawayan garin da ya lulluɓe ta shi ne garin ɗorawa, ɓawon kuma shi ake jiƙawa a sami makuba ta shafen daɓe da katanga. Ɗorawa kan nuna da bazara, don haka a lokacin ne kalwa ta fi araha.

Matakan aikin su ne kamar haka. Za a dafa kalwa tsawon yini ko kwana, ana ƙara ruwa, har ɓawonta mai tauri ya yi laushi. Sai a surfa ta a turmi, wasu kan zuba ɗan toka ko rairayi domin ɓawon ya saki. Daga nan a wanke, a rege, a tsince. Sai a sake dafa tsabar na awa ɗaya zuwa biyu, akasari da ɗan kanwa. Idan ta tsane, a juye ta da ɗuminta cikin kwando ko ƙwarya da aka shimfiɗa wa ganye, a lulluɓe da buhu, a ajiye a wuri mai ɗumi kwana biyu zuwa uku. In an buɗe aka tarar ta yi yauƙi, ta yi duhu, warinta ya tashi, to ta yi. Sai a kirɓa, a mulmula, a faɗaɗa, a shanya a rana.

Abin da ke faruwa a cikin kwanakin rufin shi ne wasu ƙwayoyin halitta, musamman wanda ake kira Bacillus subtilis, suna narka furotin ɗin ƙwayar, su fitar da sinadarin gulutamet mai sa miya daɗi, tare da amoniya mai kawo warin. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa mata ke hana buɗe kwando kafin lokaci, domin in ɗumi ya fita aikin kan tsaya. Irin wannan mahaɗi ne Yarbawa ke kira iru, Bambara su ce sumbala, Wolof na Senegal kuma su ce netetu.

4.2 Daddawar Batso

Wannan da gurguzu ake yin ta, wato 'ya'yan yakuwa. Ta fi ta kalwa ƙarfin wari, ta kuma fi ta araha, tun da yakuwa na fitowa a gefen kowace gona. An san ta a Nijar da wannan suna, a arewacin Kamaru kuma ana ce mata mbuja.

4.3 Daddawar Waken Soya

Ƙasar Tibi da ke maƙwabtaka da kudancin Taraba ta daɗe da shahara a noman waken soya, kuma daga shekarun 1980 cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta yi ƙoƙarin yaɗa amfani da shi a girkin gida. Ana soya waken sama-sama, a ɓarza, a bakace, a dafa na 'yan awoyi, sannan a rufe kamar yadda ake yi wa kalwa. Fifikonta shi ne ba ta cin itace kamar kalwa. Naƙasunta kuwa shi ne ƙamshinta bai kai na kalwa ba, kuma ba ta kai ta jure ajiya ba.

5.0 Yaji

Yaji haɗi ne na busassun kaya da aka daka wuri ɗaya, kuma akan raɗa masa suna ko dai daga abincin da ake ci da shi, ko daga abin da ya rinjaya a cikinsa, ko daga wanda aka yi dominsa. Ga misalai:

(a) Yajin tsire: garin ƙuli-ƙuli ne ya fi yawa, sai barkono da citta da gishiri da ɗan kanumfari.

(b) Yajin ɗanwake: barkono da gishiri da ɗan ƙuli-ƙuli, ana ci da man gyaɗa.

(c) Yajin daddawa: busasshiyar daddawa da barkono da citta da tafarnuwa, ana barbaɗawa a miya ko a kan dafa-duka.

(d) Yajin jego: wanda ake daka wa mai haihuwa, ya ƙunshi kimba da masoro da citta da kanumfari da fasaƙwari da daddawa da barkono.

Ƙa'idojin daka yaji kaɗan ne, amma barin ɗaya daga cikinsu kan jawo asara. Na farko, a shanya komai ya bushe ƙayau, domin danshi kaɗan ya isa ya sa yaji ya dunƙule ya yi fumfuna. Na biyu, a fara da masu tauri, wato citta da kimba, a dandaƙa su, kafin a zuba barkono. Na uku, a sa gishiri tun ana cikin daka, saboda yana kwantar da ƙurar barkono, yana kuma taimakawa wajen ajiya. Na huɗu, ƙuli-ƙuli shi ne na ƙarshe, kuma gwargwadon wanda za a cinye cikin 'yan makonni, tun da ragowar man da ke jikinsa kan sa yaji ya canza wari in ya daɗe. Bayan an tankaɗe, a mayar da tsakin turmi, a zuba garin a kwalba busasshiya mai murfi.

Sunayen kayan kansu tarihi ne na fatauci. Kanumfari da albasa daga Larabci aka aro su. Kimba da masoro daga kurmi suke zuwa. Citta mai yatsu kuwa akasari daga yankin Kaciya da Kafancan na kudancin Kaduna take fitowa, shi ya sa cutar da ta afka wa gonakin citta a can a 2023 ta taɓa kwalbar yajin kowane gida har a Jalingo.

6.0 Busassun Ganyaye, Mai da Ruwan Toka

Ana tsinkar ganyen kuka a ƙarshen damina, a shanya a inuwa domin ya riƙe korensa, sannan a daka a tankaɗe. Wanda aka shanya a tsakiyar rana yakan koɗe, miyarsa ta yi fari. Kuɓewa, wadda Sakkwatawa ke kira guro, ana yanka ta tun tana ɗanya shakaf, a shanya, a bar ta a yanke sai ranar da za a yi amfani da ita a daka. Haka ake yi wa karkashi da yakuwa da zogale da tumatir. Lokacin wannan aiki a Jalingo shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da hunturu ya busar da iska. Shanyar da aka yi da damina takan ruɓe kafin ta bushe.

Gyaɗa ita ce babban misalin yadda tanadin gida ba ya barin komai ya tafi a banza. Idan aka soya ta, aka murje, aka niƙa, aka juya da ruwan zafi, mai zai fito. Abin da ya rage shi ne tunkuza, wadda ake sa wa a miya, ko a toya ta a cikin man ta zama ƙuli-ƙuli, shi kuma ƙuli-ƙuli ya shiga yaji da kwaɗo. Kenan tiya ɗaya ta gyaɗa ta biya bukata uku.

Inda kanwa ta yi tsada, akan ƙona karan dawa ko totuwar masara, a zuba tokar a wani mazubi mai huji, a tsiyaye ruwa ta cikinta. Wannan ruwan toka yana yin aikin kanwa wajen kashe tsamin yakuwa da sa wake saurin nuna. Fulanin wannan yanki suna kiransa cukkuri, kamar yadda suke kiran kanwa kilbu, garin kuka kuma ɓokko. Matar da ke cefane a Jalingo takan ji waɗannan sunaye gefe da gefe da na Hausa.

7.0 Ina Sauƙin Yake?

Sauƙin tanadin gida ta hanyoyi uku yake zuwa. Ta farko ita ce lokaci: da kaka barkono da kuɓewa da gyaɗa kan cika kasuwa, farashi ya faɗi, da bazara kuma ya tashi. Ta biyu ita ce awo: wanda ya sayi mudu ko tiya ya tsallake ribar mai ƙulla kaya a leda, wadda ba a ganinta saboda ƙanƙantar ƙullin, alhali in an tara ta tsawon wata takan yi nauyi. Ta uku ita ce ladan aiki, wanda ya zauna a gida maimakon ya tafi wurin wani.

Sai dai ba kowane tanadi ne ke biyan wahalarsa ba. Daddawar kalwa na cin itace da ruwa da lokaci mai yawa, har ma ƙaramin gida zai iya tarar da cewa sayen ta wurin mai sana'ar ya fi masa sauƙi. Ba ta yin riba sai an dafa da yawa, shi ya sa maƙwabta kan haɗa kuɗi su dafa a tukunya ɗaya su raba. Haka kuma tanadi na bukatar jari a dunƙule, wanda mai samun na yau da yau ba shi da shi, don haka wanda ya fi kowa bukatar sauƙin shi ne ya fi kowa wahalar samun sa. A nan ne adashi ke da amfani, in aka tsara ɗauka ta faɗo a lokacin kaka. Matar da ke aikin ofis ko koyarwa ita ma sai ta auna lokacinta, ta zaɓi abin da ba ya cin yini, kamar yaji da kuka, ta bar mai wuya.

Akwai kuma batun lafiya. Gyaɗa da barkonon da suka yi fumfuna na iya ɗauke da gubar afalatoksin mai illa ga hanta, kuma dahuwa ba ta kashe ta, don haka tsince ruɓaɓɓu wajibi ne. Gishirin da za a sa a yaji ya kasance mai sinadarin ayodin, wanda Nijeriya ta wajabta tun farkon shekarun 1990 domin yaƙi da maƙoƙo. Ita ma kanwa a taƙaita ta, domin tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da wankan jego da ciwon zuciyar da ke kama masu haihuwa.

8.0 Tasirin Kayan Kamfani da Injin Niƙa a Kan Kalmomi

Kamfanin da Julius Maggi ya kafa a Suwizalan ya fito da dunƙulensa a 1908, ya kuma haɗe da Nestlé a 1947. A 1908 ɗin ne Kikunae Ikeda na Japan ya gano cewa gulutamet ne sirrin daɗin romo, daga nan aka fara sayar da Ajinomoto a 1909. Wato abin da kamfanoni suka ƙulla a takarda shi ne sinadarin da matan Afirka ta Yamma suka daɗe suna samarwa a cikin kwando. A Hausa, sunan Maggi ya zama magi, ya faɗaɗa ya haɗiye kowane irin dunƙule ko na wane kamfani ne, Ajinomoto kuma ya zama farin magi. Masu shirye-shiryen girki a rediyo da talabijin, domin kauce wa talla, suka ƙirƙiro dunƙule da sinadarin ɗanɗano.

Wannan ƙari ne ga harshe. Ragin kuwa yana wajen aikatau. Dubi waɗannan:

(a) surfe: daka jiƙaƙƙiyar ƙwaya domin cire dusa ba tare da an farfasa ta ba;

(b) ɓarza: niƙa sama-sama ba tare da ya yi laushi ba;

(c) kirɓa: daka abu mai danshi har ya haɗe jikinsa;

(d) bakace: kaɗa abu a faifai domin dusa ta fita;

(e) sheƙa: zubo abu daga sama domin iska ta kwashe ƙaiƙayi;

(f) rege: kaɗa ƙwaya cikin ruwa a ƙwarya domin tsakuwa ta kwanta.

Kowace ɗaya daga cikinsu umarni ce cikakkiya. Idan uwa ta ce wa 'yarta ta surfa kalwa, ta gaya mata ƙarfin da za ta sa wa taɓarya da inda za ta tsaya. Yarinyar da ta ɗauki surfe da daka abu ɗaya ne za ta farfasa kalwar, aikin yini ya lalace. Inda injin ya karɓi aikin, waɗannan kalmomi kan taru su koma niƙa da markaɗe kawai. A gari irin Jalingo, inda da yawan masu magana da Hausa a kasuwa suka koye ta, wannan tsukewa ta fi sauri, domin harshen ciniki sunan kaya yake bukata, ba sunan matakan sarrafa su ba.

Asarar takan kai har ga adabi. Bahaushe na cewa "daddawa gaya wa manda baƙi" ga mai aibata wani da abin da shi ma yake da shi. Wanda bai taɓa ganin manda ba, wato baƙin gishirin nan, ba zai ga hoton da ke cikin maganar ba. Haka "kanwa uwar gami" da "kanwa ta kar tsami" ba sa fita sosai sai ga wanda ya ga yadda kanwa ke yi wa miyar yakuwa.

9.0 Kammalawa

An ga yadda ake haɗa daddawa da yaji da busassun ganyaye da man gyaɗa a gida, aka kuma nuna cewa sauƙinsu ya dogara ne a kan saye da kaka, da saye a dunƙule, da aikin hannu, tare da sharaɗin jari da lokaci da tsabta. An kuma ga cewa kalmomin aikin su ne ma'ajiyar iliminsa.

Littafin J. M. Dalziel na sunayen tsirrai da Hausa na 1916, da ƙamusun Bargery na 1934, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, sun adana da yawa daga cikin waɗannan kalmomi. Amma ƙamus ma'ana yake bayarwa, ba ya nuna jerin aiki, kuma Hausar garuruwa irin su Jalingo da Wukari da Yola ba ita ce aka gina su a kanta ba. Saboda haka ana ba da shawara ga sassan nazarin harsuna, musamman na Jami'ar Jihar Taraba da aka kafa a 2008, da su tura ɗalibai wurin masu daddawa da masu ƙuli-ƙuli, su naɗi bayaninsu a lokacin da suke cikin aikin, su jera kalmomin Hausa da na Fulfulde da Mumuye da Jukun gefe da gefe. Tsadar rayuwa ta mayar da turmi tsakar gida, kuma tsofaffin da suka san sunan kowane mataki suna nan da ransu. Wannan ne lokacin da ya fi dacewa a yi aikin.